Tonon Silili a Siyasa: Me Za Mu Tono, Me Za Mu Bari a Rufe?



Bari in fara tona wa kaina asiri kafin in taɓa na wani. Ana saura 'yan watanni a yi zaɓen 2023, ina ɗan shekara goma sha tara, na gama sakandare ina zaman jiran gurbin karatu, sai wani yayanmu na unguwa ya jefa ni cikin wani zauren WhatsApp. Ya ce zauren 'yan midiyar wani ɗan takara ne, duk mako za a riƙa turo mana data, wani lokacin har da ɗan na shayi. Wa zai ƙi? Da farko aikin bai wuce yaɗa hoton mai gida da rubuta masa kirari ba. Da aka yi nisa sai aka ware mu mu kaɗan, aka ce mu ne kwamitin bincike. Aikinmu shi ne mu bi diddigin abokin hamayya: takardunsa na makaranta, basussukan da ake bin sa, rigingimun gidansa, da kuma inda aka auro mahaifiyarsa.

Takardu dai ba mu ma san ta inda ake neman su ba. Bashi kuwa ba mu samu wanda zai yarda a ambaci sunansa ba. Abin da ya zo mana da sauƙi shi ne na ƙarshe. Wani ya ce ya ji an ce tsohuwar daga tsallaken iyaka take. Ni da hannuna na rubuta cewa mutumin nan ɗan Nijar ne, na haɗa da hotonsa, na saki. Kafin la'asar abin ya zaga gari.

Bayan kwana biyu kakata ta aiko a kira ni. Wata jikarta ce ta karanta mata. Ta dube ni ta ce, "Kai, ni daga ina kakanka ya auro ni?" Na ce, "Daga Matamai, Hajiya." Ta ce, "To, ubanka ɗan ina ne ke nan? Kai kuma fa?" Wallahi ban samu abin cewa ba. Ta ce in tashi in ba ta wuri.

Yanzu ga zaɓen 2027 yana ƙaratowa, an fara buɗe irin waɗancan zaurukan, kuma mu ɗalibai ne ake fara nema, saboda mu ke da waya, mu ke da lokaci, mu ne kuma aljihunmu yake a bushe. Shi ya sa nake so mu zauna mu yi maganar nan tun kafin data ta fara shigowa.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: binciken ɗan takarar da ake hamayya da shi ba laifi ba ne, wajibi ne ma. Laifin yana ga abin da ake tonowa da hanyar da ake bi. Mu a nan mun saba tono abin da bai shafi kowa ba, mun bar abin da ya shafi kowa a binne.

Ba mu muka fara ba. A Amurka wannan aiki sana'a ce mai ofis da albashi. Akwai ƙungiyar American Bridge da ke yi wa 'yan Dimokurat, akwai America Rising da ke yi wa 'yan Rifablikan. Ma'aikatansu suna zama su karance duk ƙuri'ar da ɗan takara ya taɓa kaɗawa a majalisa, da takardun kotu, da tsofaffin jaridu, wasu kuma su riƙa bin sa taro-taro da kyamara. Amma can ɗin ma an ga inda abin ya wuce gona da iri. A 1972 aka kama mutanen da suka fasa ofishin jam'iyyar Dimokurat a ginin Watergate, kuma bin sawun wannan fashi ne ya raba Shugaba Nixon da kujerarsa a 1974. Karanta takardar da ke fili daban, fasa ƙofa daban.

Mu mutanen Daura ba ma buƙatar zuwa Amurka neman misali. Babu ɗan takarar da aka yi wa tonon silili a ƙasar nan kamar ɗan garin nan, marigayi Muhammadu Buhari, Allah Ya jiƙansa. A kansa an gwada kowane iri, mai tsabta da mai ƙazanta, don haka da shi za mu iya rarrabe su.

Na farko, maganar takardar sakandare. A watan Janairun 2015 jam'iyyar PDP ta taso da cewa Buhari bai nuna wa hukumar zaɓe takardar gama sakandarensa ba. Shi ya ce takardunsa suna wurin soja. Rundunar soja ta fito ta ce asalin takardar ba ta cikin fayil ɗinsa. Sai tsohuwar makarantarsa, wato Kwalejin Gwamnati ta Katsina, ta fito da sakamakon jarrabawar da ya rubuta a 1961. A Nuwamban 2018 hukumar WAEC ta kai masa takardar tabbatarwa har fadar shugaban ƙasa. Atiku Abubakar ya sake kai maganar kotu bayan zaɓen 2019, kotun sauraron ƙarar zaɓe ta yi watsi da ita, Kotun Ƙoli ma ta bi sahu.

A 2015 ina firamare, amma ina tuna yadda ran manya ya ɓaci a majalisar ƙofar gidanmu. Ana cewa wannan raini ne, mutumin da ya kai Janar, ya mulki ƙasa, a ce ana tambayarsa takardar sakandare? Na fahimci wannan fushi. Amma ku yi mini haƙuri, 'yan'uwa, zan faɗi abin da na san wasu ba za su ji daɗinsa ba: tambayar halal ce. Sashe na 131 na kundin tsarin mulki ya gindaya sharaɗin ilimi ga mai neman shugabancin ƙasa. Duk abin da doka ta sa a matsayin sharaɗi, abokin hamayya yana da damar ya ce a nuna masa. Kuma tambaya ce mai amsa: an tambaya da takarda, an amsa da takarda, alƙali ya duba ya yanke. In mun ce kada a tambayi namu, da wane baki za mu tambayi na wasu gobe?

Irin wannan tambaya ta sha yi wa ƙasar nan amfani. A Yulin 1999 mujallar TheNews ta bankaɗo cewa Salisu Buhari na Kano, kakakin Majalisar Wakilai a lokacin, ya yi ƙaryar digiri daga Jami'ar Toronto, ya kuma ƙara wa kansa shekaru. Ya sauka, ya amsa laifinsa a kotu. A Bayelsa kuma, ranar 13 ga Fabrairun 2020, ana gobe za a rantsar da David Lyon na APC a matsayin gwamna, Kotun Ƙoli ta soke nasararsa. Me ya jawo? Lauyoyin PDP ne suka zauna suka jera takardun da mataimakinsa ya miƙa wa hukumar zaɓe, suka nuna sunayen da ke jikinsu ba su yi daidai da juna ba. Ba a zagi uwar kowa ba, ba a fasa motar kowa ba. Karatu kawai aka yi, kujerar gwamna ta sauya hannu.

Na biyu kuma shi ne ɗaya irin. A wannan Janairun dai na 2015, gwamnan Ekiti na lokacin, Ayo Fayose, ya sayi shafin farko na wasu jaridu, ya jera hotunan Murtala da Abacha da 'Yar'aduwa, shugabannin da suka rasu a kan mulki, ya sa na Buhari a ƙarshe da alamar tambaya. A 2018 jaridun Guardian da Observer na Ingila suka ba da rahoton cewa wani attajirin Najeriya mai goyon bayan Jonathan ya ɗauki hayar kamfanin Cambridge Analytica don a yaƙi Buhari a zaɓen 2015. Tsofaffin ma'aikatan kamfanin sun ce an kawo musu bayanan da masu kutse suka sato daga saƙonnin Buhari na sirri, an kuma shirya bidiyo mai cike da zubar da jini don a tsorata masu zaɓe da sunan shari'a. Kamfanin ya musanta amfani da kayan sata, kuma rahoton bai ce Jonathan da kansa ya san da aikin ba. Bayan wannan sai ga tatsuniyar Jibrin ɗan Sudan, wai Buhari ya rasu an kawo mai kama da shi, har sai da shi da kansa ya fito a ƙasar Folan a Disamban 2018 ya ce shi ne dai da ransa.

Wannan ba bincike ba ne. Ɗaya fatan mutuwa ne, ɗaya sata ce, ɗaya ƙage ne. Babu takardar da za ka ɗauko ka amsa su da ita, don tun asali ba amsa ake nema ba.

Akwai wuri ɗaya mai wuya da ba zan tsallake ba, wato maganar lafiya. Mu 'yan jihar Katsina mun fi kowa sanin nauyinta. Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu a kan mulki ranar 5 ga Mayun 2010 bayan doguwar jinya, ƙasa ta yi watanni ba a san wa ke riƙe da ita ba. Buhari ma a 2017 ya yi sama da kwana ɗari a jere yana jinya a Landan. To, wanda ya ce lafiyar mai neman mulki ba ta shafi talaka ba, bai faɗi gaskiya ba. Talaka yana da haƙƙin ya tambaya, ɗan takara kuma ya kamata ya amsa da bakinsa. Abin da ba shi da hurumi shi ne a je a sayi ma'aikacin asibiti ya sato fayil, ko a mayar da ciwon mutum abin dariya. Rai da lafiya ba a hannun ɗan takara suke ba, kuma wanda ke dariyar bai san nasa goben ba.

Sai maganar asali, wadda ni na faɗa cikinta. Ashe tsohon makami ne na ɗauka ban sani ba. A Janairun 1980 gwamnatin NPN ta kama Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye na jam'iyyar GNPP a Majalisar Dokokin Borno, ta tsallakar da shi Chadi, wai ba ɗan Najeriya ba ne. Kotu ta ce ɗan ƙasa ne, ya dawo gida. A 2019 APC ta gaya wa kotun zaɓe cewa ba a Najeriya aka haifi Atiku ba, tunda lokacin haihuwarsa Jada tana cikin yankin Kamaru da Ingila ke riƙo, kafin ƙuri'ar raba gardama ta 1961. A Nijar ma, kafin zaɓen Disamban 2020, 'yan adawa sun kai ƙarar cewa Bazoum Mohamed ba asalin ɗan ƙasar ba ne, kotu ta bar shi ya tsaya. Kun ga babu jam'iyyar da hannunta yake da tsabta a nan.

Amma a ƙasar Daura wannan makami ya fi ko'ina zama wauta. Daga nan zuwa Kongolam tafiyar minti nawa ce? Je ka kasuwar Mai'adua ka ware mini ɗan Najeriya da ɗan Nijar da ido. Gida nawa ne a Zango ko Baure ko cikin garin Daura da ba su da dangi a Matamai, ko Magarya, ko Damagaram? Masarautar nan ta girmi iyakar da Turawa suka shata da ɗaruruwan shekaru. Doka ma ba ta tare da mai wannan zargi, domin sashe na 25 na tsarin mulki ya ce wanda aka haifa a ƙasar nan, in ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne. Garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Ni kakata ce ta nuna mini wuƙar.

Na san wani zai ce, ai addini ma ya hana bin diddigin mutane, a bar kowa da halinsa mana. Gaskiya ne Suratul Hujurat ta hana leƙen asirin juna da cin naman juna, ta kuma yi umarni a tantance labari kafin a yi aiki da shi. Amma malaman da suka fi mu sanin wannan sura su ne suka kafa ilimin tantance masu ruwaito hadisi, suka rubuta ƙarara cewa wane amintacce ne, wane mai mantuwa ne, wane maƙaryaci ne. Ba su ɗauki wannan gulma ba, saboda amanar jama'a ce a hannun mutanen. Mu ma a gida, wa ke ba da 'yarsa ba tare da binciken aure ba? In za a binciki mai neman mace ɗaya, yaya za a ce kada a binciki mai neman baitulmalin mutum dubu ɗari? Ma'aunin dai shi ne: abin da ya shafi amanar da yake nema, a tono shi. Abin da ke tsakaninsa da iyalinsa da Ubangijinsa, a bar masa.

To, me ya shafi amanar? Ga shi nan zube a fili, ba mai taɓawa. A ƙarƙashin Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, wajibi ne hukumar INEC ta liƙa bayanan kowane ɗan takara a mazaɓarsa, kuma kowane mutum yana iya biyan kuɗi ya nemi kwafin takardun da ɗan takara ya yi rantsuwa a kansu. Mu nawa ne muka taɓa zuwa ofishin hukumar muka tsaya muka karanta? Akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 da ta ba ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnatin tarayya ya nemi takardu. Kasafin kuɗin tarayya yana intanet, da jerin ayyukan mazaɓu, kowanne da sunan garin da za a yi shi da kuɗin da aka ware. Hukumar ICPC tana bin sawun waɗannan ayyuka tun 2019, ƙungiyar BudgIT ma tana da shirin Tracka da ke yin haka. Ɗalibi ɗaya da waya da ɗan kuɗin mashin zai iya ɗaukar jerin, ya je ƙauyen da aka ce an haƙa rijiyar burtsatse ko an gina aji, ya gani da idonsa, ya ɗauko hoto. In aikin yana nan, a yaba. In babu, ga tonon silili na gaske, wanda ba ya buƙatar ƙarin gishiri.

Me ya sa iyayen gidan namu ba sa tura mu wannan aikin? Saboda mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In ka koya wa yaro karanta kasafin abokin hamayyarka yau, gobe naka zai karanta. Zagin uwa kuwa ba ya koya wa kowa komai, kuma da an gama zaɓe ya wuce. Su a wurinsu ya wuce, ina nufin. Femi Fani-Kayode shi ne kakakin yaƙin neman zaɓen Jonathan a 2015, yana cikin waɗanda suka fi matsa wa Buhari a kan takarda. A Satumban 2021 ya koma APC, kuma Buhari da kansa ya karɓe shi a fadar shugaban ƙasa. Haka nawa mai gidan: ba a yi shekara da zaɓe ba na gan shi a wurin wani ɗaurin aure, kafaɗa da kafaɗa da mutumin da na kira ɗan Nijar, suna ta raha. Ni kuwa ɗan ƙanwar mutumin, wanda muka yi aji ɗaya tun firamare, har yau in mun haɗu a hanya sai ya kau da kai. Datar ta ƙare a mako ɗaya. Gabar tana nan shekara uku.

Kada kuma mu manta da hukuma. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015, akwai dokar ɓata suna, kuma in ƙorafi ya tashi lambar wayar da ta saki rubutun ake bi. Honarabul bai rubuta komai da hannunsa ba. Kai ne za ka kwana a ofishin 'yan sanda, mahaifinka ne zai yi ta yawon neman beli, kuma ranar da ka je neman aiki da difilomarka, rubutun yana nan yana jiran duk wanda ya binciki sunanka.

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, ban ce kada ka shiga siyasa ba, ban ma ce kada ka shiga kwamitin bincike ba. In an ba ka labari a kan wani ɗan takara aka ce ka saki, yi wa kanka tambaya uku. Shin wannan abu ya shafi kujerar da yake nema? Shin akwai takarda ko shaidar da zan iya ajiyewa a gaban alƙali, kuma ta hanyar halal aka same ta? Shin zan iya sa cikakken sunana a ƙasa, in kuma maimaita maganar a gaban mutumin ido da ido? In ɗaya ta faɗi, mayar wa mai shi kayansa. In ya ce ai kowa haka yake yi, ce masa, "Yallaɓai, to a ba ɗan gidanka ya saki."

Kuma mu fara gwadawa a nan cikin gida. Zaɓen ƙungiyar ɗalibai shi ne makarantar da 'yan siyasar gobe suke koyon hali. Ina ba shugabannin ƙungiyarmu shawara, duk mai neman kujera ya liƙa bayaninsa a allon sanarwa: muƙaman da ya taɓa riƙewa a ƙungiyar sashensu ko ta garinsu, kuɗin da suka bi ta hannunsa, da yadda aka kashe su. A shirya zaman muhawara inda abokin takara zai tashi ya yi masa tambaya a gaban kowa, shi ma ya rama. Wanda ya riƙe kuɗin ƙungiya bai kawo lissafi ba, a tambaye shi, ko abokinmu ne. Amma sakamakon jarrabawar wani da aka leƙo ta bayan fage, ko hoton wata ɗaliba da aka ciro daga tsohuwar waya, ko garin da uwar wani ta fito, duk wanda ya kawo wannan, shi ya kamata a hukunta, ba wanda aka yi wa ba.

Ni dai saura mini 'yan watanni in bar makarantar nan. Kafin in tafi na yi niyyar zuwa gidan abokin nan nawa in ba shi haƙuri, ko ya karɓa ko bai karɓa ba. Hajiya ta ce in na shirya in gaya mata, ita za ta raka ni, don ta san kakarsa tun suna 'yan mata a can tsallaken.

Allah Ya ba mu shugabanni nagari, Ya kuma ba mu ƙarfin halin tambayarsu.